Na je Washington, amma ba ta Amurka ba

Jama'a na dawo daga Washington, amma kafin wani ya fara turo min saƙon tsaraba, ta Ingila nake nufi. Gari ne a arewa maso gabashin ƙasar, tsakanin Newcastle da Sunderland, 'yan kallon ƙwallo sun san sunayen nan biyu. Daga nan sunan ya tashi ya haye teku har ya zama sunan shugaban Amurka na farko da babban birninsu da jiha sukutum.

A Newcastle na sauka wajen yayan wani abokina, haifaffen zangon Kumasi ne, ya daɗe yana aiki a can. Bawan Allahn nan bai taɓa ganina ba amma ya bar min gadonsa ya koma kan kujerar falo, da dare kuma ya tuƙa tuwo da miyar kuka har da man shanu, ban san ta inda yake samo shi ba. Na ce Yaya wannan ɗawainiya ta yi yawa, ya ce ƙanina ci abincinka, gobe idan ka ga kuɗin burodi da shayi a waje za ka gode min. Kuma haka aka yi.

Abin mamaki na farko, garin ba shi da tashar jirgin ƙasa. Ga katafariyar masana'antar motocin Nissan a gefensa tun 1986, ga dubban mutane, amma sai dai bas. Direban da muka samu kuwa Allah ya shirye shi. Na tambaye shi ko motar na bi ta tsohon ƙauyen, ya faɗi wani abu da irin Turancinsu na can da ko kusa bai yi kama da na rediyo ba, na ce ban ji ba, sai kawai ya nuna min na'urar kati da yatsa ya kau da kai. Ko kwandastan da ya fi kowa masifa a tashar Kano zai ce maka shigo Alhaji tana zuwa, ko da ƙarya yake. Wata tsohuwa ce a baya ta ce mu zauna za ta nuna mana inda za mu sauka, kuma ta nuna.

Yawancin garin sabo ne, a 1964 gwamnati ta tsara shi, shatale-tale bayan shatale-tale, gidaje duk iri ɗaya har na fara tunanin an yaudare ni. Sai da muka shiga tsohon ƙauyen abu ya canza, ga fili mai ciyawa a tsakiya, ga coci a kan tudu, ga gidan da muka zo gani, Washington Old Hall. Gaskiya na zaci zan ga fada. Ginin dutse ne madaidaici da lambu, gidan hakimi a wajenmu ya fi shi cika ido. Kuɗin shiga idan a fam ne ba komai ba ne, amma ni har yanzu kaina ba ya daina juya komai zuwa naira, shi ya sa ba na jin daɗin kashe kuɗi a ƙasar nan. Yaya ya riga ni miƙa kati.

A ciki muka samu wata dattijuwa cikin masu aikin sa-kai, ba a biyan su ko sisi, sun yi ritaya ne suke zuwa ba da labari. Wannan ɗabi'ar tasu ta burge ni sosai. Ita ta warware min asalin abin. Wani mutum ne ana ce masa William na Hertburn, ya yi musayar fili da babban limamin cocin Durham na lokacin, ya ba da Hertburn ya karɓi wannan ƙauyen, kuma maganar tana rubuce a kundin filayen limamin na shekarar 1183 da ake kira Boldon Book. Da ya tare sai ya ajiye tsohon sunan ya koma William de Wessyngton, wato William na Wessyngton, haka ake rubuta sunan garin a da. Shi ke nan fa. Ba sarauta ba ce, ba yaƙi ya ci ba, sunan gari ne mutum ya liƙa wa kansa. Na yi dariya na ce mata ai mu ma haka muke, Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Balewa, duk sunayen garuruwa ne. Bambancin kawai mu sau da yawa ɗa yakan ɗauki sunan ubansa ne a ci gaba, su kuwa sun riƙe guda ɗaya sun yi ta gadonsa sama da shekara 800. Da William bai yi musayar nan ba wataƙila yau babban birnin Amurka Hertburn ake ce masa.

Ta nuna min tambarin gidan, taurari ja guda uku a saman layi ja guda biyu a kan farin fili. Shi ne tutar birnin Washington na Amurka tun 1938. Wasu na cewa har tutar Amurkar gaba ɗaya daga nan aka samo ta, wannan kam zancen baka ne, ita ma murmushi kawai ta yi.

Ɗakin da ya fi tsaya min a rai a sama yake. Zuri'ar ta rabu da gidan tun 1613, aka sake gina yawancinsa, a hankali ya lalace ya zama gidan haya na talakawa, iyalai da yawa cunkushe kowa da ɗakinsa, yankin kuma na masu haƙar kwal ne. Sun gyara ɗaki ɗaya yadda yake a lokacin, gado da murhu da tukwane duk a wuri guda. A shekarun 1930 hukuma ta ce gidan bai dace ɗan Adam ya zauna ba, saura kaɗan a rushe, wani malamin makaranta Fred Hill shi ya tashi tsaye ya yi ta neman taimako har daga Amurka, aka gyara aka buɗe a 1955. Malamin makaranta fa, ba gwamna ba. A 1977 shugaba Jimmy Carter ya zo da kansa har ya dasa bishiya a filin ƙauyen, kuma duk 4 ga Yuli ana ɗaga tutar Amurka a nan, wato Turawan Ingila na bikin ranar da aka ƙwace ƙasa daga hannunsu. Su dai ba ruwansu, in dai baƙi za su zo.

Shayinsu kuwa kar ma a yi magana. Ruwan zafi da jakar ganye ɗaya da ɗigon madara mai sanyi, a kuɗin da mai shayin unguwarmu zai haɗa maka kauri da burodi da ƙwai har abokinka ya samu. Amma bayan gida tsaf, kowa ya buɗe ƙofa sai ya riƙe maka, ka taka mutum shi zai ba ka haƙuri. Na rasa yadda ƙasa ɗaya ta haifi waɗannan mutanen da wancan direban.

Muna shan shayin ne na ƙarasa haɗa yadda sunan ya fita, don George Washington kansa, shugaban Amurkan na farko, bai taɓa taka Ingila ba. Reshen da ya fito sun bar ƙauyen tun da wuri zuwa Warton a Lancashire, daga can wani Lawrence Washington ya gangara kudu ya yi kuɗi da fataucin gashin tumaki, ya yi magajin garin Northampton, ya sayi filin Sulgrave a 1539 lokacin da sarki Henry na takwas ke ƙwace kadarorin gidajen ibada yana sayarwa. Can gaba wani Lawrence ɗin, limamin coci a Purleigh, ya goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila, 'yan majalisa suka tsige shi a 1643 har da sharrin wai mashayi ne, ya mutu cikin talauci. Ɗansa John ya rasa madafa ya shiga jirgin fataucin taba zuwa Virginia, jirgin ya kafe a kogin Potomac a 1657, shi kuma ya yi zamansa ya auri 'yar wani mai gonaki, Anne Pope, surukin ya ba su eka 700. John ɗin nan shi ne kakan baban George, wanda aka haifa a 1732. Ni dai abin da na gani ci-rani ne kawai, an kori uba daga aiki, ɗa ya fita nema ya dace da gidan aure.

A bas muna komawa Yaya ya ce to shi Denzel Washington fa, baƙar fatar nan ɗan fim na Amurka, ta ina ya haɗa jini da William? Nan ne labarin ya daina daɗi. George bai haihu ba. Lokacin da ya mutu a 1799 bayi 317 ne a gonarsa ta Mount Vernon, 123 nasa ne na kansa, su ne ya yi wasiyyar a 'yanta bayan rasuwar matarsa. Bayan an hana bauta a 1865 ɗimbin bayin da aka 'yanta ba su da sunan zuri'a a takarda, dole kowa ya zaɓi ɗaya, da yawa suka ɗauki Washington, ba don daga gonarsa suka fito ba, sai don shi ne suna mafi girma a ƙasar da suke so a yarda tasu ce. Booker T. Washington ma, shahararren malami baƙar fata na Amurka, yana yaro a makaranta ya ba da sunan da bakinsa. Ƙidayar Amurka ta 2000 ta samu mutum sama da 163,000 masu sunan, kusan kashi 90 cikin 100 baƙar fata ne. Wato sunan ƙauyen nan mai sanyi, inda ni da Yaya muka yi ta waige ba mu ga baƙar fata irinmu ba, yau galibi jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka ne ke amsa shi. Yaya ya ce to ai mu ya kamata a bari mu shiga kyauta.

Na leƙa Durham, babban cocin ya cancanci a gani, akwai allon tunawa da wani John Washington da ya shugabanci wurin daga 1416 zuwa 1446. Ruwan sama ya kore ni da wuri.

Sulgrave kuwa a hanyar komawa Landan na ratse, ta Banbury ake bi, ƙauye ne sosai sai da na ɗauki tasi, kuɗin tasin ya fi na shiga gidan zuri'ar da ke can. Tambarin taurarin nan yana sassaƙe a saman ƙofa. Warton ban je ba, tikitin jirgin ƙasa idan ba tun da wuri ka saya ba fashi ne da rana tsaka, aljihuna kuma ya riga ya yi ƙasa.