Daren da Aka Yi Garkuwa da Fayilolin Gidanmu

Da hannuna na kashe mai gadin kwamfutar gidanmu, kuma ina sane lokacin da na yi. Manhajar Office ce ta ishe ni da gargaɗin cewa lasisinta ya ƙare, ga jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, tambayoyin aji uku na jirana in buga. Sai na shiga intanet neman irin 'yar manhajar nan da ake fasa lasisi da ita, wadda masu gyara ke kira kirak. Shafin da na samu ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa sai an dakatar da Windows Defender, wato mai gadin kwamfutar, kafin a buɗe ta, wai yana yi mata kallon bairos ne bisa kuskure. Sau biyu Defender yana hana ni sauke ta. Na kashe shi, na sauke, na danna.

Wani allo ya fito mai kama da na sabunta Windows, yana cewa kada a kashe kwamfutar. Na bar ta a kan tebur na tafi sallar isha'i, da na dawo na kwanta. Ashe allon na bogi ne, rufa-ido kawai, a bayansa ana ta kulle mana kaya ɗaya bayan ɗaya.

Da safe babu fayil ɗin da ya yarda ya buɗu. Hotuna, takardu, sauti, kowanne an maƙala masa wasu baƙaƙe huɗu a ƙarshen sunansa. Abu ɗaya ne ke buɗuwa, wata 'yar wasiƙa mai suna _readme.txt. Cikin ladabi aka rubuta ta, wai in kwantar da hankalina, komai zai dawo idan na biya dala 980, kuma idan na tuntuɓe su cikin awa 72 za su rage mini zuwa 490. Har da tayin buɗe mini fayil ɗaya kyauta don in gaskata. Kuɗin ya fi abin da na sayi kwamfutar, don ta hannu ce.

Tambayoyin jarrabawa ba su dame ni ba, ana sake rubuta su. Amma kundin digirin maiɗakina yana ciki, ta kai babi na huɗu. Akwai hotunan takardun filin gado, da katin NIN na kowa a gidan, da hotunan sunan yara. Abin da ya sa ƙafafuna suka yi sanyi shi ne muryar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. A shekararsa ta ƙarshe nakan zauna da shi bayan la'asar a zaure, in ajiye waya kusa da shi, yana ba ni asalin gidanmu: inda kakanninmu suka taso, wanda ya auri wace, dalilin da ya sa aka baro tsohuwar unguwa, da yadda suka yi karatun allo. Da wayar ta cika sai na kwashe su zuwa kwamfuta, na goge na wayar. A tunanina na kai su wuri mafi aminci ke nan.

Ƙanena na kira, wanda ke karantar kimiyyar kwamfuta a jami'a. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Yaya, kashe intanet ɗin yanzu. Kada ka soka mata filas, kada ka jona waya, kada ka goge komai. Ina nan tafe."

Da ya zo, ya ɗauki wasiƙar da fayil guda ya ɗora a wani shafi da ake kira ID Ransomware, wanda ke gane irin cutar da ta kama mutum. Sunanta STOP/Djvu, kuma hanyar da ta fi bi ita ce wadda na buɗe mata, wato manhajojin sata da kirak. Ya bayyana mini cewa idan ta shiga, takan nemi uwar garken masu ita, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, ta karɓo mukulli na musamman ga kwamfutarka kai kaɗai. Idan ba ta samu intanet ba sai ta yi amfani da mukulli na gama-gari, wanda da zarar an same shi zai buɗe wa duk waɗanda aka kulle da shi. Kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar buɗewa kyauta a Oktoban 2019, ta taimaki mutane da yawa, musamman waɗanda tsofaffin nau'o'in suka kama. Nawa sabon nau'i ne, kuma a daren nan intanet ɗina a kunne yake. Mun gwada, manhajar ta ce babu mukulli.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin biya. Kwana biyu ina lissafin abin da zan sayar. Ƙanena ya ce, "Yaya, wa zai tsaya maka idan suka karɓa suka yi shiru?" Maiɗakina kuma, wadda kundinta ke ciki, ita ce ta ce ba ta yarda a ba su ko sisi ba, domin da kuɗinmu za su je su kama wani. Mu da muke jin abin da kalmar kuɗin fansa ke yi wa iyalai a ƙasar nan, maganar ta shige ni. Ban biya ba.

Akwai ɓarna ta biyu da ban san da ita ba. Irin wannan cuta sau da yawa ba ta zuwa ita kaɗai, takan taho da wata mai kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, irin su Vidar da AZORult. A daren muka zauna da wayar ƙanena, ba da kwamfutar ba, muna canza su. Ya ce a fara da imel, domin duk wanda ya riƙe imel ɗinka zai iya cewa ya manta kalmar sirrin sauran wuraren a aiko masa sabuwa. A nan na ga girman sakacina: kalma ɗaya nake amfani da ita ko'ina, sunan ɗiyata da shekarar haihuwarta. Mun gyara nawa duka, amma muka manta maiɗakina ta taɓa shiga Facebook ɗinta a kwamfutar. Bayan 'yan kwanaki gwaggonta ta kira ta: "'Yar nan, lafiya kike neman kuɗin asibiti a wurin mutane? Wa ke kwance?" Allah ya taimaka ta kira kafin ta tura. Sai da muka bi dangi ɗaya bayan ɗaya muna ba da haƙuri.

Daga nan muka shiga tsince-tsince. Kundin ya dawo har babi na uku daga saƙonnin da ta riƙa aika wa malamin da ke duba ta, na huɗun ta sake rubutawa. Hotuna da dama suna WhatsApp ɗin 'yan'uwa. Takardun fili dama na asali suna akwati.

Mun cire faifan ajiyar da ya kamu muka sa sabo, aka ɗora Windows daga tushe. Ban ƙara neman Office na sata ba. LibreOffice kyauta ce, halal ce, tana buɗe takardun Word da Excel, kuma da ita nake buga jarrabawa har yau. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan, ashe abin da na je sata akwai madadinsa a fili.

Da can nakan dakatar da sabunta Windows saboda tsadar data. Ƙanena ya tuna mini da WannaCry, wata cutar mai garkuwa da fayiloli, wadda ta ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017 ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da abin toshe kafar da ta bi. Yanzu ina ware data don wannan kamar yadda nake ware kuɗin wuta. Kuma mai amfani da Windows 7 ya sani tun 14 ga Janairun 2020 aka daina yi mata wannan gyara, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya cika a 14 ga Oktoban 2025.

Yara na buɗe musu nasu sashe a kwamfutar, wanda ba ya iya girka manhaja sai na sa kalmata. Imel, Facebook da WhatsApp duk mun sa musu tabbaci mai mataki biyu, wato sai an ƙara wata lamba ta biyu kafin a shiga. Kalmomin sirri kowane wuri da tasa, doguwa, an rubuta su a littafi da ke kulle a durowa. Na san akwai manhajojin adana su, ƙanena da Bitwarden yake aiki, amma littafin ya fi kwanta mini a rai, kuma mai kutse daga wata ƙasa ba ya buɗe durowa. Filas ɗin da ya je shagon buga takardu kuwa, sai Defender ya bincike shi kafin a buɗe.

Abin da na fi riƙewa da gaske shi ne kwafi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan jona faifan waje, in kwashe abin da ya ƙaru, in zare shi. Zarewar ce muhimmiya, domin faifan da aka bari a jone tare ake kulle shi da kwamfutar. Wani faifan yana gidan yayata, ina sabunta shi idan na je gaishe ta.

Muryar Baba kuwa, ƙanena bai haƙura ba. Ya gano cewa cutar ba ta kulle babban fayil gaba ɗaya, farkonsa kawai take lalatawa, kimanin kilobait 150, don ta yi sauri. Waɗanda aka ɗauka a tsarin MP3 ya yanke musu kan da ya lalace, sauran ya yi magana. Daƙiƙun farko sun tafi, babu sallamar da yake fara yi, babu bisimillarsa, sai dai ka ji shi a tsakiyar zance yana cewa wane ya haifi wane. Biyar muka samu a haka. Ranar da muka kunna wa mahaifiyarmu ta farko, ba ta ce komai ba har ta ƙare, sannan ta ce a maimaita.

Sauran suna cikin tsohon faifan, a kulle. Tun 2016 akwai shirin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da wasu kamfanonin tsaro suka kafa, inda ake sakin mukullai kyauta idan an ƙwato su daga hannun masu wannan sana'a. Na naɗe faifan a leda na sa shi cikin akwatin takardun fili, kuma duk bayan 'yan watanni nakan leƙa shafin.