Ta yaya ya hau kujerar alƙalanci?

Muna aji uku a jami'a aka raba mana 'yan siyasar Amurka na ƙarni na 19, kowa ya rubuta tarihin mutum ɗaya. Stephen Douglas ne ya faɗo mini. A dare ɗaya na gama, don muƙamansa kawai na jero reras: an haife shi a Vermont a 1813, ya zama lauya a Illinois a 1834, alƙalin kotun ƙolin jihar a 1841 yana ɗan shekara 27, ɗan majalisar wakilai a 1843, sanata a 1847. Har gishiri na ƙara, wai tsabar hazaƙa ce ta ɗora shi kan kujerar alƙalanci da ƙuruciyarsa.

Malam ya dawo mini da takardar ba maki. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin 1841, ya rubuta a gefe: "Ta yaya?" Raina ya ɓaci, domin ban yi kuskuren shekara ko ɗaya ba.

Sai da na koma ɗakin karatu na gane inda gizo ke saƙar. Ashe a lokacin 'yan jam'iyyar Whig ne ke da rinjaye a kotun, hukunce-hukuncenta kuma ba sa yi wa 'yan Dimokurat daɗi. Sai majalisar jiha ta ƙara yawan alƙalai daga 4 zuwa 9. Douglas, wanda ɗan Dimokurat ne, na cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki har dokar ta wuce, da aka zo rabon sababbin kujeru biyar kuwa, ɗaya tasa ce. Shekara biyu kacal ya yi ya ajiye, amma sunan alƙali ya bi shi har kabari. Abraham Lincoln, wanda ya ƙi goyon bayan dokar yana majalisar jiha, da sunan yake kiransa a muhawararsu ta 1858, ya kuma tono masa wannan tsohon zance a gaban jama'a.

Da na sake rubutun na kusa zarcewa, na mai da shi ɗan neman kujera kawai. Sai ga 1857, inda ya ja daga da shugaban ƙasa Buchanan, ɗan jam'iyyarsu, kan kundin tsarin mulki na Lecompton da aka so a ƙaƙaba wa mutanen Kansas don a halasta bauta. Dole na sa wannan ma, ko da yake ya ɓata mini tsarin hujjata.

Mako biyu aikin ya ci. Malam ya ba ni maki a wannan karon, amma sai da ya sake jan layi a ƙarƙashin 1847.