Kundin ɗan jarida ba a raba shi gida biyu

A ajin adana takardun tarihi, abin da aka fi nanata mana shi ne a bar kaya yadda mai su ya jera su. Nauyin maganar ya fito ne da malamarmu ta ba mu aiki a kan Watson Spoelstra. Ta ce mu ƙaddara iyalinsa sun kawo mana kundayen da aka manna yanke-yanken jaridunsa, mu faɗi yadda za mu tsara su.

Spoelstra ɗan jihar Michigan ne a Amurka, an haife shi a 1910, ya rasu a 1999. Ya daɗe yana rubuta labarin wasan besbol, wato wasan ƙwallo da sanda na Amurka, a jaridar Detroit News, yana bin ƙungiyar Tigers. A 1968, shekarar da Tigers suka ɗauki kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran besbol, shi ne shugaban ƙungiyar marubuta besbol ta Amurka. Mashayi ne a da. A 1957 jini ya zuba wa 'yarsa a ƙwaƙwalwa, ya yi wa Allah alkawari, ta warke, shi kuwa ya riƙe addininsa na Kirista hannu bibbiyu. A 1973 ya kafa Baseball Chapel, ƙungiyar kai wa 'yan besbol ibada, da amincewar kwamishinan wasan, Bowie Kuhn. 'Yan wasa suna fili ranar Lahadi, ba sa samun zuwa coci, sai ake kai musu addu'a ɗakin sauya kaya.

Yawancin 'yan ajin akwati biyu suka ce, ɗaya na wasa, ɗaya na addini, wai don mai bincike ya huta. Ni dai ban yarda ba. Daga 1957 zuwa 1973 mutumin nan duka biyun yake yi. Idan rahoton wasa na manne kusa da takardar wa'azi a shafi guda, hannu ne ya ajiye su haka, kuma da ka ɓamɓare ka shafe wannan shaidar.

Ita ma takardar ba ta jure ɓamɓara. Takardar jarida tana da sinadarin asid, shi ke sa ta yi ruwan ƙasa, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Salatif ya fi komai ɓarna, ya bushe ya faɗi ya bar tabo. Aikin shi ne a ɗauki hoton kowane shafi tukuna, a sa takarda marar asid a tsakani, a kwantar da kundin a akwati, a rubuta lamba da fensir. Biro ba ya zuwa kusa, injin manna leda ma haka.

Sai matsalar kwanan wata, don masu yanka jarida sukan yanke shi su yar. Rahoton besbol da sauƙi, tunda an ajiye sakamakon wasannin manyan ƙungiyoyi, da ka ga maki da sunayen 'yan wasa ka gano ranar. Takardar wa'azi ba ta da maki. Rahoton da ke gefenta ne zai nuna maka lokacinta.