Asabar, ranar zaɓen sifirin

Yau na wuni a kan maganar ɗaga motata, Land Cruiser ƙirar 80, wadda sifirin ɗinta guda huɗu duk masu murɗe ne, kuma shekaru da kaya sun gajiyar da su har bayanta ya zauna. Da hantsi na ajiye ta a wuri mai shimfiɗe, na ɗauko tef na auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a kowace kusurwa. Na ƙi aunawa daga ƙasa domin iskar taya tana iya ruɗar da mutum. Bayan hagu ya fi dama zama da kusan milimita 15, abin da ido bai taɓa nuna mini ba sai da na rubuta lambobin a takarda.

Da farko zuciyata ta karkata ga ɗagawar inci 4, saboda kwarjinin da take ba mota. Da na zauna na lissafa abin da ke biye da ita, sai jikina ya yi sanyi. Idan gangar mota ta yi nisa da aksul haka, tiyon birki yana miƙewa fiye da kima, kusurwar farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul, tana canzawa ta kawo girgiza, sandar da ke riƙe aksul daga zamewa gefe tana jan sa ɓangare ɗaya, sannan sitiyari ya fara yawo a kan kwalta. Ga shi kuma nauyin mota ya koma sama, wanda ke ƙara haɗarin kifewa a gangare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sifirin ba ya ɗaga tulun aksul, wato kumburin da ke jikin aksul, ko kaɗan daga ƙasa. Babbar taya ce kaɗai ke yin wannan. Don haka na tsaya a inci 2, wato kusan milimita 50.

Inda na daɗe shi ne ƙarfin sifirin, domin a nan mutane da yawa ke yin kuskure, suna sayen mafi tauri da tunanin shi ne mafi inganci. Ana auna ƙarfin ne da nauyin da ke matse shi milimita ɗaya. Na gwada lissafi da mai niyutan 40, wato nauyin kusan kilo 4, a kowace milimita: kilo 100 a kan aksul na baya, sifirin biyu sun raba, zai sauke motar da kusan milimita 12. Sai na jera kayan da ba sa sauka daga motar ko da yaushe, wato bambar ƙarfe da winci a gaba, da akwatin kayan aiki da tankin ruwa a baya. Tanti da jarkokin mai ban sa su a lissafi ba, tunda sau kaɗan suke hawa a shekara, kuma idan na zaɓi sifirin dominsu, motar za ta riƙa dukan ƙugu duk ranar da take wayam, tayoyin kuma su kasa bin ramuka yadda ya kamata.

Gaba na ba shi mai ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, saboda nauyinsa ba ya canzawa. Baya kuwa na zaɓi wanda ke farawa da laushi yana ƙara tauri yayin da yake matsewa. Bakanike ya tuna mini cewa tsofaffin shokazoba za su yi gajarta, dole a canza su tare.

Na ajiye takardar awon a cikin mota, domin sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan an yi tafiya da shi, kuma ina so in sake aunawa a lokacin kafin a daidaita sitiyari.