Abin da Aikin Awo a Sanchi Ya Koya Mini

Yanzu da na kammala karatun adana tsofaffin gine-gine a Indiya, zan iya magana a kan aikin awon da muka yi a Sanchi, tudun da ke kusan kilomita 46 daga Bhopal, ba tare da fargabar a taɓa mini maki ba. Malamin da ya jagorance mu ya raba ƙofofi huɗu na Babban Stupa, wato kubbar ibada ta mabiya Buddha da ke kan tudun, ga 'yan gaban goshinsa, ni kuwa ya tura ni shingen dutsen da ya kewaye ginin, wai don Musulmi ba zai saki jiki da sassaƙe-sassaƙen mabiya Buddha ba. Bai tambaye ni ba, kuma da alama ya manta cewa sarauniyoyin Bhopal, waɗanda Musulmi ne, sun zuba kuɗinsu wajen adana wurin, har da gyaran da John Marshall, Bature masanin kayan tarihi, ya yi daga 1912 zuwa 1919.

Sarki Ashoka ne ya fara ginin da tubali a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya aka faɗaɗa shi aka lulluɓe da dutse. Kubbar a cike take, babu ɗakin shiga, kewaya ta kawai masu ziyara suke yi, saboda haka shingen ne abin da hannunsu ke taɓawa. Maginan sun bi da dutsen yadda kafinta ke bi da katako, domin kowane ginshiƙi an huda shi, an zura masa sanduna uku a kwance, sannan an aza dogon murfi a kai. A jikin duwatsun akwai ɗaruruwan sunayen masu gudummawa, sufaye maza da mata da 'yan kasuwa, kowa da dutsen da ya biya, kuma ƙofar kudu tana ɗauke da rubutun da ya ambaci masu sassaƙar hauren giwa na garin Vidisha da suka yi aiki a kanta.

Da rahotonmu ya fito, zane-zanena sun cika babi guda, amma sunan malam kaɗai ke bango, nawa ko a shafin godiya babu. Na kai ƙara a rubuce, aka ce haka al'adar sashen take.

Ƙannena masu zuwa, ku rubuta sunanku da kwanan wata a tsakiyar zane, inda almakashi ba zai kai ba, ku kuma ajiye kwafi kafin ku miƙa. Ku hau tudun da sassafe, kafin rana ta gasa dutsen.