Ranar da Sojoji Suka Raka Bawa Ɗaya Zuwa Bakin Teku a Boston

A ranar 2 ga watan Yuni na shekarar 1854, birnin Boston da ke arewacin Amurka ya wayi gari tamkar ana zaman makoki. An rataya baƙaƙen ƙyallaye a jikin gine-gine, kuma mutane kimanin 50,000 suka yi cincirindo a gefen titi suna kallon sojoji sun saka wani saurayi baƙar fata a tsakiya, suna tafe da shi zuwa bakin teku inda jirgin ruwa yake jiransa. Sunansa Anthony Burns, shekarunsa 20, laifinsa kuwa shi ne ya gudo daga hannun ubangidansa a jihar Virginia ya zo Boston yana aiki a wani shagon tufafi. Shugaban ƙasa na lokacin, Franklin Pierce, shi ya amince a yi amfani da sojoji, kuma an kashe kusan dala 40,000 domin mayar da mutum ɗaya cikin bauta. A shekarar da ta biyo baya, wasu mutanen Boston suka yi karo-karo suka fanso shi a kan dala 1,300.

Duk lokacin da na ji ana cewa yaƙin basasar Amurka rigima ce a kan 'yancin jihohi, wato Kudu tana kare kanta daga danniyar gwamnatin tarayya, wannan rana nake tunawa, domin a ranar ƙarfin gwamnatin tarayya ne aka ɗora wa jihar Massachusetts, wadda ta daɗe da hana bauta, kuma masu bayi na Kudu ne suka nemi a yi hakan.

Asalin matsalar yana cikin kundin tsarin mulkin da aka rubuta a 1787. Waɗanda suka rubuta shi sun kauce wa ambaton kalmar bawa, amma sun yarda a ƙirga kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun Majalisar Wakilai, wanda hakan ya ƙara wa iyayengiji nauyi a siyasa da yawan mutanen da ba su da ƙuri'a. Wasu a lokacin suna zaton bauta za ta mutu da kanta, sai ga injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793 ya mayar da noman auduga hanyar arziki mafi girma a Kudu. Bayin da yawansu bai kai 700,000 ba a ƙidayar 1790 sun kusa miliyan 4 a ƙidayar 1860, mafi yawansu suna aiki a gandaye.

Abin da ya riƙa tayar da ƙura kuwa shi ne sababbin ƙasashen yamma. Duk yankin da ya zama jiha yana samun kujeru biyu a Majalisar Dattawa, saboda haka kowane ɓangare yana lissafin wanda zai fi rinjaye. A 1820 aka yi sulhun Missouri: aka karɓi Missouri da bauta, aka karɓi Maine babu bauta, sannan aka ja layi a sauran ƙasar da aka saya daga Faransa a 1803, aka ce arewa da layin ba za a yi bauta ba. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Da Amurka ta ƙwace yankuna masu faɗi daga Meziko a yaƙin 1846 zuwa 1848, sai tsohuwar tambayar ta dawo. Kafin nan ma rabuwar ta shiga majami'u, domin ɗarikar Methodist ta tsage gida biyu a 1844, ta Baptist kuma a 1845, duk a kan maganar mallakar bayi.

Sulhun 1850 ya karɓi Kalifoniya a matsayin jihar da babu bauta, amma ladan da aka bai wa Kudu shi ne dokar kamo bayin da suka gudu, wadda a ƙarƙashinta aka kama Burns. Ya kamata a dubi dokar nan da kyau. Wanda ake zargi ba shi da damar ba da shaida don kare kansa, kuma ba a kai shi gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Jami'in da ya saurari ƙarar yana samun dala 10 idan ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala 5 idan ya sake shi. Duk wanda ya ɓoye bawa ko ya taimaka masa zai iya biyan tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Mutumin Arewa da a da yake ganin bauta al'amari ne na can nesa, yanzu doka ta ce idan an neme shi dole ya taya farautar ɗan Adam a unguwarsu. A ganina babu wani abu da ya sauya zukatan talakawan Arewa kamar wannan.

A cikin makon da ake shari'ar Burns ne aka sa hannu a dokar Kansas da Nebraska, wadda Sanata Stephen Douglas ya jagoranta. Dokar ta soke layin 1820, ta ce mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu ko za a yi bauta. A takarda abin ya yi kama da adalci, amma a Kansas sai ya zama tsere, inda mutanen Missouri suka riƙa tsallakowa da bindigogi suna jefa ƙuri'ar da ba su da haƙƙinta. A watan Mayun 1856, cikin 'yan kwanaki kaɗan, masu goyon bayan bauta suka far wa garin Lawrence da ke Kansas, ɗan majalisa Preston Brooks ya shiga zauren Majalisar Dattawa ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner duka da sanda har ya faɗi jina-jina saboda wani jawabi da ya yi na sukar bauta, sannan John Brown, wani mai tsananin adawa da bauta, da mutanensa suka kashe mutum biyar a Pottawatomie da ke Kansas. Sumner ya fi shekara uku bai koma aiki sosai ba. Shi kuwa Brooks, mutanen Kudu suka riƙa aika masa da sababbin sanduna kyauta, mazaɓarsa kuma ta sake zaɓensa.

A 1857 Kotun Ƙoli ta yi ƙoƙarin rufe maganar a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya kai ƙara yana neman 'yancinsa, inda Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan tarayya. Hukuncin ya ƙara wa sabuwar jam'iyyar Republican ƙarfi, ita da aka kafa a 1854 domin hana bauta yaɗuwa. Harin da John Brown ya kai ma'ajiyar makamai ta Harpers Ferry a 1859 da nufin tayar da boren bayi, da rataye shi da aka yi a ƙarshen shekarar, sun sa kowane ɓangare ya ƙara tsoron ɗan'uwansa.

Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, bayan jam'iyyar Democrat ta rabu biyu. Bai yi alkawarin 'yanta bayin Kudu ba, iyakarsa ya ce bauta ba za ta shiga sababbin yankuna ba, amma wannan kaɗai ya isa. Ranar 20 ga Disamba, 1860, jihar Carolina ta Kudu ta ɓalle daga tarayyar Amurka, kuma a takardar da ta fitar don bayyana dalilanta, babban ƙorafinta shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu. Wasu jihohi shida suka bi ta kafin Lincoln ya hau mulki, aka harba igwa ta farko a sansanin Sumter ranar 12 ga Afrilu, 1861, kuma kafin a gama yaƙin a 1865 fiye da mutum 600,000 sun mutu.

Anthony Burns bai ga ƙarshen yaƙin ba. Bayan an fanso shi ya yi karatu a kwalejin Oberlin, ya zama fasto a garin St. Catharines na ƙasar Kanada, inda tarin fuka ya kashe shi a 1862 yana da shekara 28.