Fifteen da fifty suka ci min ribar Sallah

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shagon takalma gare ni a Kano, kaya kuma daga Aba nake saro su wajen wani mai ɗinki a kasuwar Ariaria, shi ba ya jin Hausa ko zo, dole da Turanci muke ciniki a waya. Saura wata ɗaya Sallah na kira shi, dozin 15 nake so, na ce masa fifteen, ya maimaita ga netwok na yankewa ga ƙarar inji a bayansa, na ce yes kawai na tura masa kafin alƙalami.

Ranar da na je tasha ɗaukar kaya buhu biyu na sa ran gani, sai yaron mota ya nuna min tari guda duk da sunana a jiki. Dozin 50! Na kira shi muka yi ta sa-in-sa, ya rantse fifty ya ji, kuma ni kaina na san ban tsaya na saurari abin da ya maimaita ba. Wannan ɗin ne yake cina har yanzu.

Ƙanwata da take karanta Turanci ce ta zaunar da ni. Ta ce yaya, fifteen a ƙarshe ake danna murya, ka ja teen ɗin har a ji n, fifty kuwa a farko ake dannawa sai ƙarshen ya gajarce, kai kuma haɗiye n ɗin kake. Haka abin yake tun daga thirteen da thirty har nineteen da ninety.

Dama na san muna cakuɗa pull da full tunda p da f duk ɗaya ne a bakinmu, ko mu ce borrow me saboda ara ɗaya muke da ita ta bayarwa da ta karɓa. Waɗannan dai gyara ka za a yi a wuce. Lamba kuwa kuɗi ce. Sai da na ci bashi na biya ciko da kuɗin mota, dozin 20 na rabar wa maƙwabta a kan sari ko sisi ban ci ba.

Yanzu one five nake cewa, in kuma rubuta 15 a WhatsApp, ba na tura ko kwabo sai ya dawo min da lambar a rubuce. Dan Allah in kana saro kaya a waya ka yi haka. Har yau akwai dozin uku masu lamba 45 a saman kanta sun sha ƙura, ba wanda ya taya.